Yadda Ake Shirya Ziyarar Ibada Zuwa Wuraren Shahidan Yuganda

Duk ranar 3 ga watan Yuni, Namugongo da ke wajen birnin Kampala kan cika ya batse da masu ziyarar ibada daga ko'ina a Afirka, kuma 'yan Najeriya na cikin baƙin, da ankonsu da tutarsu. A ranar ne a 1886 aka ƙone Charles Lwanga da 'yan uwansa da ransu saboda bangaskiyarsu ta Kirista, bisa umarnin Kabaka Mwanga na biyu, sarkin Buganda, masarautar da Kampala ke cikinta. Katolika 22 da Angilikan 23 aka kashe tsakanin 1885 da 1887.

Na sha jagorantar ayari zuwa can, kuma abin da nake fara gaya wa duk mai niyya shi ne kada ya sauka ranar 2 ga wata ya juyo ranar 4. Wanda ya yi haka cunkoso kawai zai gani. Ba a wuri ɗaya aka kashe shahidan nan ba, tun daga Munyonyo a bakin Tafkin Victoria aka taso ƙeyarsu, ana kashe wasu a hanya, har Namugongo. Wannan hanyar ita ce ziyarar, kuma tana son kwana 6 zuwa 7.

Abin da za ka tanada

Fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa. Bizar Yuganda. Takardar gabatarwa daga Fadan cocinku, in kuma kai Fada ne, takardar izinin yin Misa daga bishop ɗinka, don za a iya tambayarka kafin a bar ka ka hau bagade. Dala a hannu, sababbi.

A jaka: takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, rigar sanyi, lema ko rigar ruwa, tabarma ko ƙaramar kujera mai naɗewa, batirin ajiya na cajin waya, rosari, Littafi Mai Tsarki, maganin zazzaɓin cizon sauro da duk maganin da kake sha kullum a cikin kwalinsa. Mata su riƙe zane ko da ba su saba ɗaurawa ba, zan faɗi dalili a gaba. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, saboda haka cajarka za ta shiga.

1. Ku haɗa ayari tun farkon shekara

Tafiyar mutum ɗaya tana yiwuwa, amma ta ayari ta fi sauƙi da araha, musamman wajen mota da masauki. Yawanci daga coci ake taruwa, ko Zumuntar Mata, ko ƙungiyar matasa, ko dayosis ta shirya gaba ɗaya. Ku zaɓi mutum ɗaya mai kula da takardu, wani dabam mai riƙe kuɗi, kuma in da hali ku tafi da Fada. Duk mutum goma a ba su shugaba ɗaya mai riƙe da sunayensu da lambobinsu a rubuce a takarda, ba a waya kaɗai ba.

In za ku bi ta kamfanin shirya tafiye-tafiye, ku nemi sunan masauki da unguwarsa a rubuce kafin ku biya ko kwabo. Akwai wani kamfani da ya taɓa ce wa wasu 'yan uwa masaukinsu "kusa da Namugongo" yake, ashe a can ɗaya gefen birni ne, sai da suka tashi tun tsakar dare kafin su iso. Ku kuma rubuta wa ofishin wurin ziyarar ko sakatariyar bishop-bishop ta Yuganda da ke Nsambya, ku sanar da yawanku, ku tambayi yadda ake yi wa baƙi rajista a shekarar. Kowace shekara dayosis ɗaya ake ɗora wa jagorancin bikin: Jinja a 2023, Nebbi a 2024, Lugazi a 2025. Tsarin zama da na shiga yakan ɗan sauya daga shekara zuwa shekara.

2. Allura, biza, tikiti, a wannan jerin

Fara da allurar shawara, domin sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, kuma za a nemi hotonsa wajen neman biza. A Najeriya ofishin lafiya na filayen jiragen sama ne ke bayarwa. Kada ka yarda wani ya ce zai samo maka kati ba tare da allura ba.

Biza ta intanet ake nema, a shafin hukumar shige da fice ta Yuganda. Ta shiga sau ɗaya dala 50 ce, amma ka duba kafin ka biya ko an sauya. Akwai shafukan 'yan tsakiya masu kama da na gwamnati sak, suna ninka kuɗi, don haka ka ga adireshin ya ƙare da go.ug. In an amince za a turo maka takarda, ka buga ta ka riƙe a hannu. Wanda ke son ya leƙa Kenya ko Ruwanda, akwai bizar haɗaka ta ƙasashen uku a kan dala 100. Masu zuwa Kibeho a Ruwanda, wurin Uwargida Maryamu, ita suke nema.

Daga arewa, hanyar da aka fi bi ita ce jirgin Ethiopian daga Kano ko Abuja, a yada zango a Addis Ababa, a sauka Entebbe. Akwai kuma ta Kigali da ta Nairobi, kuma Uganda Airlines ta fara zuwa Legas a 2023. Ka nemi tikitin da zai sauke ka wajen 28 ko 29 ga Mayu. Agogonsu ya riga namu da awa biyu, ka gyara naka tun a jirgi.

Batun kuɗi: kada ka dogara da katin bankinka na naira. Masu canji a Kampala kan ƙi tsofaffin daloli da waɗanda suka yage ko aka yi wa rubutu, kuma takardar 50 da 100 ta fi ƙananan daraja wajen canji. Canza kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin gari. Layin MTN ko Airtel za ka samu da fasfonka.

3. Masauki

In kana son ka taka da ƙafa ranar biki, nemi wuri a Kyaliwajjala, Kira ko Naalya. Waɗannan kan cika da wuri. In ba ka samu ba, Ntinda ko Kireka ba laifi. Gidajen baƙi na coci da na 'yan Sista sun fi otal araha da natsuwa, kuma ana samun Misar safe, sai dai sai Fadanku ya rubuta musu da wuri. Kampala a kan tuddai take, darenta da sanyi, kuma ƙarshen Mayu ruwan sama bai gama ɗaukewa ba.

Ayari ya ɗauki hayar bas na duk kwanakin da direba ɗan gari. A hannun hagu suke tuƙi, don haka in za ka tsallaka titi ka fara duban dama. Acabansu, boda-boda, shi ne mafi sauri a cunkoso, amma ban yarda dattawa su hau ba.

4. Ranar sauka: Kigungu

Kafin ku kama hanyar Kampala, mai nisan kusan kilomita 40, ku ratse Kigungu, ƙauyen masunta a bayan filin jirgin Entebbe. A nan kwalekwalen Fada Siméon Lourdel, wanda mutanen ƙasar ke kira Mapeera, da Brada Amans ya tsaya ranar 17 ga Fabrairu 1879, kuma su ne Katolika na farko da suka kawo bishara Buganda. Akwai gumakan tunawa da su a bakin Tafkin Victoria da coci a gefe. Rabin awa ta isa. Ku yi addu'ar godiya, ku wuce masauki ku huta.

5. Munyonyo: inda aka yanke hukunci

A nan nake so ku ba da yini guda, kuma ku yi Misa.

Ga ɗan tarihin da za ka buƙata. Yawancin shahidan samari ne masu hidima a fadar Mwanga. Sarkin yana zargin Kiristoci da haɗa baki da Turawa, kuma yana jin haushin yadda yaran suka daina biya masa buƙatarsa ta lalata. A Oktoba 1885 ya sa aka kashe Bishop James Hannington na Angilikan. Shugaban masu hidimar fada, Joseph Mukasa Balikuddembe, ya gaya masa gaskiya a kan haka, aka kashe shi ranar 15 ga Nuwamba. Charles Lwanga ne ya ci gaba da riƙe yaran.

A ƙarshen Mayu 1886 sarki yana zaune a fadarsa ta Munyonyo. Ya dawo daga farauta bai tarar da masu hidima ba, ya ji cewa Denis Ssebuggwawo yana koya wa wani yaro addini, ya soke shi da mashi. A daren nan Lwanga ya yi baftisma a ɓoye ga waɗanda ba su riga sun samu ba, cikinsu har da Kizito, ɗan kimanin shekara 14. Washegari, 26 ga Mayu, aka tara su, aka ce masu addu'a su ware gefe guda. Suka ware.

Yanzu wurin yana hannun Fadojin ƙungiyar Franciscan, Paparoma Francis ya ziyarce shi a Nuwamba 2015. Ka nemi a nuna maka inda aka kashe Andrew Kaggwa, shugaban makaɗan sarki, wanda katekis da malamai suka ɗauka uban gidansu. In akwai katekis a ayarinku, a nan ya kamata a ba shi dama ya jagoranci addu'a. Wurin Denis yana nan kusa, na Pontian Ngondwe kuma yana Kyamula, a kan hanyar komawa gari.

Kuma a nan za ka je wurin Fada ka furta zunubanka. Kada ka ce sai ranar biki. Layin ranar ba a magana.

6. Cikin Kampala: coci, kasuwa da fada

Wannan yinin yana da yawo, ku fita da sassafe kafin gari ya cushe.

Ku fara da babban cocin Rubaga, wanda aka kammala a 1925 a kan tudun da fadar Kabaka Mutesa na ɗaya ta taɓa zama. A ciki kabarin Akbishop Joseph Kiwanuka yake, baƙar fata na farko da ya zama bishop na Katolika a wannan zamani, a 1939. Daga nan sai Nakivubo, inda aka kashe Joseph Mukasa da Athanasius Bazzekuketta. Wurin yana tsakiyar hayaniyar kasuwar Owino, wadda aka raɗa wa sunan Balikuddembe. Bas ba za ta shiga ba, ku tafi rukuni-rukuni, jaka a gaba, waya a aljihu. Sai Old Kampala, cocin Matia Mulumba, dattijon da aka sassare wa gaɓoɓi aka bar shi a daji yana numfashi har kwana uku, ya cika ranar 30 ga Mayu. Babban masallacin ƙasar yana kan wannan tudun, kuma ana barin baƙi su hau hasumiyarsa su hango birnin gaba ɗaya.

Da rana ku je Kasubi, maƙabartar sarakunan Buganda, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2001. Katafaren ɗakin ciyawa ne da aka gina a matsayin fada a 1882. Gobara ta cinye shi a Maris 2010, aka ɗauki shekaru ana sake ginawa, saboda haka ku sa direba ya tambaya ko a buɗe yake a ranar. Ana cire takalmi, mata kuma sai da zane ko doguwar riga, ba a shiga da wando. Sarakuna huɗu ke kwance a nan, kuma ɗayansu Mwanga ne. Turawan Ingila sun kore shi zuwa tsibirin Seychelles, a can aka yi masa baftisma a cocin Angilikan, ya rasu a 1903, aka dawo da gawarsa a 1910. Wasu a ayari kan ce me zai kai su kabarin wanda ya kashe waliyyai. Ni kuwa ina ganin duk wanda bai ga Kasubi ba bai fahimci girman sarautar da yaran nan suka ce wa a'a ba.

Gargaɗi: ka iya bakinka a nan. Mutanen Buganda, har da Katolikan cikinsu, suna girmama sarautarsu ƙwarai, kuma Kabaka na yanzu, Ronald Muwenda Mutebi na biyu, tsatson Mwanga ne. Yadda ba za ka tsaya a ƙofar fadar wani sarki a ƙasar Hausa kana aibata kakansa ba, haka nan ma.

Cocin Nabulagala, inda su Mapeera suka fara kafa mishan, yana dab da Kasubi. In lokaci ya rage, ku leƙa fadar Mengo da tafkin da Mwanga ya sa aka haƙa.

7. Namugongo kafin ranar biki

Ku je ranar 30 ko 31 ga Mayu, tun ana iya shiga coci a zauna. Addu'ar kwana tara ta riga ta kankama, masu tattaki daga arewacin Yuganda, Kenya, Tanzaniya da Kongo sun fara isowa da kumburarrun ƙafafu, ana tarbarsu da waƙa. Ku tsaya ku gani.

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne Namugongo wuri biyu ne. Inda babban cocin Katolika yake, nan aka ware Charles Lwanga aka ƙone shi shi kaɗai, a hankali, daga ƙafa. Bagaden yana daidai wurin. Ginin zagaye ne da tsini kamar bukka, a kan ginshiƙai 22, ɗaya don kowane shahidi, an buɗe shi a 1975. A jikin ƙofofin katako an sassaƙa labarin shahidan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sauran kuwa, Katolika 12 da 'yan uwansu Angilikan, a Nakiyanja aka naɗe su cikin kara aka jera a kan wuta ɗaya, tazarar 'yar tafiya daga nan, kuma wurin yana hannun cocin Angilikan. Kada ka ce ba cocinku ba ne ka ƙi zuwa. A can Kizito ya mutu, a can Mbaga Tuzinde ya ƙi barin addininsa duk da roƙon da Mukajanga, shugaban masu kisa kuma ɗan gidansu, ya yi masa. Akwai gidan tarihi da aka ƙera siffofin abin da ya faru, masu raunin zuciya da ƙananan yara a shirya su kafin a shiga. Akwai kuma masallaci a yankin don tunawa da Musulmin da Mutesa na ɗaya ya sa aka kashe saboda addininsu shekaru kaɗan kafin nan.

Paparoma Benedict na 15 ya ayyana shahidan Katolika 22 masu albarka a 1920, Paparoma Paul na 6 ya ɗaga su zuwa waliyyai ranar 18 ga Oktoba 1964, ya kuma zo nan da kansa a 1969. John Paul na 2 ya zo a 1993.

A wannan zuwan na kafin biki ne za ka ɗebi ruwa, in kana so. Mutane kan cika jarkoki daga tafkin wurin. Ɗauki ƙaramar gora ɗaya mai murfi mai kyau, Fada ya sa albarka, ka naɗe ta a leda cikin babban akwati, don ba za a bar ka ka shiga jirgi da ita a hannu ba. Kada ka sha ba tare da an tafasa ba. Rosari da hotuna ma yanzu za ka saya, ranar biki farashi ya tashi.

8. Ranar 3 ga Yuni

Hutu ne a duk ƙasar. 'Yan sanda kan rufe hanyoyin da ke shiga Namugongo, motar da ba ta da takardar izini daga nesa za ta sauke ku. Hanya biyu ce. Masu ƙarfi su shiga tun yammacin 2 ga wata su kwana a fili da tabarma da bargo, ana waƙa da addu'a har gari ya waye. Sauran su bar masauki kafin asuba.

Ana binciken kowa a ƙofa, layin maza dabam na mata dabam, don haka ka rage kaya: ruwa, ɗan abin taɓawa, lema, magani. Fasfo ya zauna a masauki, ka riƙe kwafinsa da katin otal a aljihu. Tun kafin ku shiga ku tsayar da wurin haɗuwa da lokaci, saboda waya ba ta shiga in mutane sun yi yawa. A nan anko ke da rana: daga nesa za ka hango naka. Mai riƙe tuta ya ɗaure ta a doguwar sanda.

Da hantsi ake fara Misa, a bagaden da ke tsakiyar tafki, kuma takan kai bayan azahar da jawaban manya. Za ka ji Turanci da Luganda da Swahili da harshen dayosis mai jagoranci. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya ce zai yi azumi. Ka lura da inda tantin masu ba da agajin gaggawa yake tun da ka zauna. Lokacin karɓar Jikin Kristi kada ka kutsa, Fadoji ne ke zagayowa cikin jama'a, ana riƙe musu lema don a gan su.

In an tashi, ku zauna awa guda. Duk turereniya a wajen fita take. A waje kuma za ka tarar da wata duniyar, kiɗa da giya da gasasshen naman alade, da masu yankan aljihu a tsakani. Shugabannin rukuni su ƙirga mutanensu kafin a motsa, matasa musamman.

9. In kwana ya rage, in kuma kuɗi bai kai ba

Mai sauran yini ɗaya ya zaɓa tsakanin Mityana, inda aka kashe Noa Mawaggali, da Jinja, inda Kogin Nilu ya fita daga Tafkin Victoria. Paimol, inda aka kashe katekis biyu matasa, Daudi Okelo da Jildo Irwa, a 1918, tana can arewa mai nisa, kuma bikinsu 20 ga Oktoba ne, tafiya ce ta dabam.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Posho tuwon masara ne, matoke ayaba ce dafaffiya da ake ci da miyar gyaɗa, ga wake da shinkafa ko'ina. Ba sa sa yaji sosai, ka tafi da naka.

Dattawa da marasa lafiya, shawarata su je a wani lokacin ba Yuni ba. Wuraren duk a buɗe suke shekara gaba ɗaya, masauki ya fi sauƙi, kuma za su durƙusa a gaban bagaden Lwanga ba mai tura su. In kuɗin ayari bai kai na mako guda ba, ku yanke Jinja da sayayya, ku bar Munyonyo da Nakiyanja da kwana ɗaya a Namugongo kafin biki. Tikitin dawowa kuma ku sa shi 5 ga wata, domin washegarin biki baƙi da yawa ne ke rububin filin jirgin Entebbe.